Tiyatar ƙashin baya da laka

Tiyatar ƙashin baya da laka reshe ne na aikin likita da ake buɗe gadon baya ko wuya domin a ɗauke abin da ya danne laka ko jijiyoyi, ko kuma a ɗaure ƙasusuwan da suka goce. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da likitocin ƙashi ne ke yin ta. Mafi yawan ciwon baya ba ya buƙatar wannan aiki, magani da gashi sun wadatar.

Tsarin ƙashin baya

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun haɗe a can ƙasa. Tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai rage gogayya. Laka tana bi ta ramin da ke tsakiyarsu, ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Idan ta yanke gaba ɗaya ba ta sake tohowa. Saboda haka aikin tiyata shi ne ceto abin da ya rage da hana ƙarin ɓarna.

Tarihi

A 1887 Victor Horsley ya cire ƙari daga laka a Landan, majinyacin kuma ya sake tafiya da ƙafarsa. A 1911 Russell Hibbs da Fred Albee na Amurka, kowa a nasa ɓangare, suka bayyana hanyar haɗe ƙasusuwan baya, musamman ga masu tarin fuka. Mixter da Barr sun nuna a 1934 cewa faifan da ya bulluƙo shi ke jawo ciwon da ke sauka ƙafa, kuma ana iya cire shi. A Najeriya, Latunde Odeku ne ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Ibadan a 1962.

Cututtukan da ke kai mutum tiyata

Karayar wuya ko baya ita ce mafi gaggawa. Likita kan cire ƙashin da ya danne laka, sannan ya ɗaure wurin da kusoshi da sandunan ƙarfe.

Na biyu shi ne tarin fuka na ƙashin baya, wanda Percivall Pott ya bayyana a 1779. Ƙwayar cutar tana cinye ƙashi a hankali, mugunya ta taru, baya ya yi doro, ƙafafu su fara nauyi. Mutane da dama kan ɗauka sammu ne ko iska, alhali cuta ce mai magani. Asalin maganin ƙwayoyi ne da ake sha watanni masu yawa, sau da yawa har shekara guda, kuma kyauta ake ba da su a asibitocin gwamnati. Sai in ƙafafu suna ci gaba da shanyewa ko doron yana ƙaruwa ake yin aiki. Masu wannan shanyewa sun fi masu karaya samun sauƙi, domin lakarsu dannuwa ta yi sannu a hankali.

Akwai kuma jariran da ake haifa da ƙullutu a baya saboda ƙashin bai rufe ba tun a watan farko na ciki. Ana so a rufe wurin cikin kwana biyu zuwa uku kafin ƙwayoyin cuta su shiga. Da yawansu ruwa kan taru musu a kai, sai a sa musu siririyar roba ta riƙa sauke shi zuwa ciki. Shan sinadarin folik asid kafin ɗaukar ciki yana rage aukuwar matsalar ƙwarai.

Yammacin Zamfara

A ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, abubuwan da ke karya baya sun haɗa da haɗarin babur da na mota, faɗowa daga bishiya, harbin bindiga, da ruftawar ramukan haƙar zinariya irin waɗanda ake haƙawa a yankin Bagega. Manyan asibitocin waɗannan garuruwa su ne zangon farko. Daga nan akan tura majinyaci Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafawa. Wasu kan wuce Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Babbar matsalar tana faruwa kafin a isa gaban likita. Wanda ya karye a wuya, idan aka ciccibe shi aka ɗora a babur, ko aka naɗe shi a kujerar mota, ƙashin na iya gocewa ya ƙarasa yanke lakar da a da rauni kawai ta yi. Abin da ya dace shi ne a kwantar da shi miƙe a kan katako ko ƙyauren ɗaki, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya. Masu ɗorin gargajiya suna da daraja a karkara, amma ja da murzar karayar baya haɗari ne. Nisan tafiya, rashin tsaro a hanya, kuɗin hoton MRI da na ƙarafan da ake sawa, duk suna ƙara jinkiri.

Bayan aiki

Majinyacin da ƙafafunsa suka shanye yana buƙatar a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da dugadugai. Wannan gyambo da cutar mafitsara suna cikin abubuwan da suka fi kashe irin waɗannan majinyata bayan an sallame su. Akan koya wa 'yan uwa sa robar fitsari cikin tsabta da motsa gaɓoɓi kullum, domin a gida ake yin mafi yawan jinyar.