Bayan doki: ba ranar hawa ake gyara shi ba

Duk hawan salla, daga fadar Sarkin Katsinar Maradi har ta Sarkin Gobir a Tibiri, ido kan ado yake: jalala, sirdi, linzami. Shi kuwa bayan da ke ɗauke da duk wannan, ba kasafai ake duba shi ba. Alhali nan ne doki ke fara lalacewa.

Abu na farko, shekaru. Ƙasusuwan ƙafa na riga na baya ƙosawa. Ƙashin baya ba ya gama ƙwari sai doki ya kai shekara 5 zuwa 6. Dukushin da aka ɗora wa ƙato ana sukuwa da shi tun yana shekara 2, an ci bashin bayansa, kuma zai biya.

Na biyu, linzami. In mahayi ya yi ta fizga don doki ya ɗaga kai ya yi rawa, tsakiyar baya lotsawa take. Ƙasusuwan da ke tsaye saman gadon baya sai su matsu, har su dinga gugar juna. In ko an sassauta ya miƙe wuya, naman ciki ya yi aiki, baya ya tashi, ƙafafun baya su shigo ƙarƙashin jiki sosai.

Na uku, sirdi. Doki na da haƙarƙari 18 ko wane gefe, kuma bisa su sirdi ya kamata ya zauna, ba bisa ƙugu ba. Farin gashi ko miki a doron doki shaida ce sirdi na cizo.

To mi za a yi? Dokin da ya shekara a turke yana cin harawa da dawa, kar a kwance shi jajibiri a ce sai sukuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara kilisa makonni kafin salla, kullum a soma da tafiyar sannu kafin gudu. Masu bi ta gulbi wajen Djiratawa su lura: rairayi mai zurfi na gajiyar da doki da wuri.

In dokinka ya fara lanƙwashe baya lokacin ɗaura sirdi, ko cizo, ko gajarta taku, ba taurin kai ba ne. Sau da yawa ciwo ne. A sauke sirdi, a nemi likitan dabbobi.

Ƴan uwa na ƙetare masu aiko kuɗin doki, in kun bugo waya, ku tambayi shekarunsa da lafiyar bayansa kafin ku tambayi launi.