AGANAR RAƘUMA: ABIN DA KE SA TA YI TSANANI

A shekarar 1980 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa an kawar da cutar agana daga doron ƙasa. Amma 'yar uwarta ta kusa tana nan a cikin garkunan raƙuma, tun daga Indiya da ƙasashen Larabawa har zuwa Somaliya, Sudan da Nijar. Masana sun tabbatar cewa ƙwayar wannan cuta tana cikin waɗanda suka fi kusa da ta aganar mutane. A lardin Punjab na Indiya aka fara bayyana ta a rubuce, a 1909.

Bayan ƙwayar ta shiga jikin raƙumi, sai a yi kwana 9 zuwa 13 kafin alamu su fito. Zazzaɓi ne ke fara zuwa, kaluluwa ta kumbura, sa'an nan ƙuraje su feso a leɓe, hanci da fatar ido. In ta zo da sauƙi, a nan take tsayawa, dabba ta warke cikin mako 4 zuwa 6. In kuwa ta zo da ƙarfi, sai ta mamaye wuya, ƙafafu da hantsa, har ta shiga baki da huhu.

Abu na farko da ke raba waɗannan biyu shi ne shekaru. Mace-mace a cikin manyan raƙuma kan tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 28 cikin ɗari, amma a cikin ƙanana yakan fara daga kashi 25, wani lokaci ya share su duka. Ɗan raƙumin da bakinsa ya cika da gyambo ba ya iya shan nono, yunwa ce ke ƙarasa shi. Taguwa mai ciki kuma takan yi ɓari, nono ya ja baya.

Na biyu shi ne damina. An lura cutar ta fi muni in ruwa ya sauka, lokacin da kaska da ƙudaje ke yawaita, har an taɓa samun ƙwayar a jikin kaskar raƙumi. Sai kuma irin ƙwayar kanta, domin wata ta fi wata dafi, da yunwa, da wasu cututtukan da ke shiga ta bakin miki.

Cutar tana yaɗuwa ta gogayya, da ɓawon ƙuraje, da wurin shan ruwa. Don haka kasuwa irin ta Maigatari, inda raƙuman Nijar ke haɗuwa da na gida, wuri ne na sa ido. Mai saye ya duba leɓe da ido, ya kuma ware sabon raƙumi na mako biyu. An ƙirƙiro allurar rigakafi a Saudiyya, Dubai da Maroko, kuma raƙumin da ya warke ba ya sāke kamuwa. Makiyayi ma ya kula da hannunsa, domin a Indiya da Sudan an sami mutanen da suka ɗauka.