Makarantar Gwamnati ko Makarantar Kuɗi: Bayani ga Iyaye da Shugabannin Al'umma

A duk lokacin da sabuwar shekarar karatu ta gabato, akan tafka muhawara a majalisu da ƙofofin masallatai a garuruwa da ƙauyukan Jihar Kano dangane da inda ya fi dacewa a kai yara. Wasu na ganin makarantar kuɗi ita ce mafita saboda cunkoson azuzuwa a makarantun gwamnati, yayin da wasu ke ɗaukar barin makarantar garinsu tamkar juya wa gida baya. An shirya wannan bayani ne domin iyaye su yanke shawara bisa sani.

Abin da doka ta tanada

Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE, wadda aka kafa a shekarar 2004, ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta a makarantun gwamnati, wato shekara 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare. Gwamnatin Tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗaɗen shigarta domin wannan shiri, kuma sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 44 su ke kula da aikin. A shekarar 2019 Jihar Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole har zuwa sakandare, sannan a 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Saboda haka rashin kuɗi ba hujja ba ce ta ajiye yaro a gida.

Kafin a kai yaro makarantar kuɗi

Doka ba ta hana kowa zaɓen makaranta mai zaman kanta ba, kuma da yawa daga cikinsu suna aiki nagari. To amma wajibi ne uba ya nemi ganin takardar rajistar makarantar daga hukumar jiha mai kula da makarantu masu zaman kansu, domin wadda ba ta da rajista ana iya rufe ta a tsakiyar zango. Haka kuma ya bincika ko malamanta suna da aƙalla shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, da kuma ko hukumomin WAEC da NECO sun amince da ita a matsayin cibiyar jarrabawa. Bugu da ƙari, ya lissafa kuɗin zango 3 na shekara tare da littattafai da kayan makaranta. Manomin da ya biya zangon farko da kuɗin kaka, ya tuna cewa akwai zangon da zai riske shi lokacin sayen taki. Yawan cire yaro ana mayarwa ya fi cunkoson aji illa.

Kishin makarantar gida

Kishin makaranta abu ne mai tushe a wannan jiha. Kwalejin Rumfa, wadda ta faro a matsayin Midil ta Kano a 1927, ta yaye manyan mutane irin su marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, sun samar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, ciki har da 'ya'yan talakawan karkara. Dukkansu na gwamnati ne. Sai dai kishin da ya tsaya a baki ba ya gyara rufin aji. Wanda ke alfahari da makarantar da ta yaye shi, ya kamata a gan shi a ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta.

Kira ga shugabanni

Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da su farfaɗo da kwamitocin gudanar da makarantu, waɗanda suka ƙunshi iyaye maza da mata, da malamai, da wakilan al'umma. Su riƙa duba zuwan malamai a kan lokaci, su sanar da sakataren ilimi duk ajin da ya lalace, su kuma tabbatar ba a bar 'ya'ya mata a baya ba. Ko wace makaranta uba ya zaɓa, hakkin bibiyar karatun ɗansa yana wuyansa. Allah Ya albarkaci zuriyarmu, amin.