Ƙungiyoyin Ɗalibai Mata: A Ƙara Sababbi Ko A Raya Na Da?

Daga Wakilinmu

Duk ranar karatu, tun da sassafe, 'yan mata da matan aure sukan tsaya a bakin babban titin Nnamdi Azikiwe, daidai Kurmin Mashi, suna jiran abin hawa zuwa makaranta. Waɗansu Kwalejin Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada suka nufa, waɗansu kuwa Jami'ar Jihar Kaduna. Galibinsu daga gidajen iyayensu ko na mazajensu suke zuwa, kuma tilas su komo gida kafin magariba. Irin waɗannan ɗalibai su ne kowace ƙungiya take farauta a farkon shekarar karatu, kuma su ne suka fi kowa wahalar samun lokacin halartar taro.

Wannan hali shi ya kawo tambayar da ya kamata hukumomin makarantu da ɗalibai su dube ta da idon basira, watau ko ya dace a ci gaba da yi wa sababbin ƙungiyoyin ɗalibai mata rajista, alhali kuwa waɗanda ake da su suna fama da ƙarancin mambobi.

YAWAN SUNA, ƘARANCIN JAMA'A

Kwalejin Fasaha ta Kaduna ta samo asali ne cikin shekarar 1956, ta zama cikakkiyar kwaleji a 1968, Jami'ar Jihar kuwa an kafa ta a 2004. A manyan makarantu irin waɗannan, ɗaliba guda tana iya samun kanta cikin ƙungiya huɗu ko biyar ba tare da ta nema ba. Akwai ta sashen da take karatu, da ta 'yan jiharsu, da ta 'yan ƙaramar hukumarsu, da ta addini, sa'an nan ga Ƙungiyar Ɗalibai ta makarantar baki ɗaya. Idan aka tuna cewa Nijeriya tana da jihohi 36, Jihar Kaduna kaɗai kuma tana da ƙananan hukumomi 23, za a gane yawan sunayen da suke iya taruwa a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Kowace ƙungiya tana son kuɗin rajista, da na wata-wata, da na riga, da na bikin ƙarshen shekara, duk daga aljihu ɗaya.

Aljihun nan kuwa ya ƙara ƙuntata. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi ƙwarai, har ɗalibar da za ta zo daga Kurmin Mashi ko Badiko domin taron ranar Asabar sai ta yi lissafi tukuna. Kafin wannan, rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, da yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, sun katse al'adar miƙa shugabanci daga hannu zuwa hannu. Ƙungiyar ɗalibai kuwa ba ta da dogon rai sai da wannan al'ada, domin mai karatun difloma shekara biyu kawai yake yi ya fita.

YADDA AMURKAWA SUKE YI

A ƙasar Amurka akwai tsohuwar al'adar ƙungiyoyin zumunta na ɗalibai mata, waɗanda suke da rassa a jami'o'i dabam-dabam. Ɗaya daga cikinsu, Alpha Kappa Alpha, ɗalibai mata baƙar fata ne suka kafa ta a Jami'ar Howard cikin 1908. Tun 1902 waɗansu ƙungiyoyin suka kafa majalisa guda, wadda a yau take da ƙungiyoyi 26 a ƙarƙashinta. Bisa tsarin wannan majalisa, sabuwar ƙungiya ba ta buɗe reshe a jami'a haka kawai. Sai an duba yawan mata da makarantar take ɗauka, da yawan mambobin rassan da ake da su, sa'an nan wakilan rassan su jefa ƙuri'a. Idan na da suna tangal-tangal, akan dakata har su miƙe. Hikimar abin ita ce kada a raba ɗan abin da bai isa ba.

DARASI DAGA IBADAN

Nan gida kuwa muna da darasi mai ɗaci game da yaɗuwar ƙungiyoyi ba tare da tsari ba. A 1952 ne Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da nufin yaƙar ƙabilanci da girman kai irin na 'yan boko. Daga baya rigingimun cikin gida suka sa waɗansu suka ɓalle suka kafa Buccaneers a 1972, sa'an nan Black Axe ta ɓullo a Jami'ar Benin a 1977. Zuwa shekarun 1990 har mata sun kafa nasu ƙungiyoyin asiri a waɗansu jami'o'in kudu. Gasar neman mambobi ta koma tilastawa, tilastawa ta koma zub da jini, har ranar 10 ga Yuli, 1999 aka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

Ba wanda zai kwatanta ƙungiyar 'yan mata masu karatun dare ko kai ziyara asibiti da ƙungiyar asiri. Amma tushen ɓaraka yakan zama ɗaya, watau wadda ta faɗi zaɓe ta ja 'yan ƙawayenta su buɗe tasu domin ita ma a kira ta shugaba. Sai a wayi gari da taron tsintsiya ba shara.

HUJJAR MASU SON SABUWA

Duk da haka, masu neman sabuwar ƙungiya suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sau da yawa ƙarancin mambobi laifin tsohuwar ƙungiyar ne, ba na ɗalibai ba. Idan ana sa taro bayan la'asar sakaliya, matar aure mai goyo ba za ta zo ba. Idan shugabanni ba su bayyana yadda aka kashe kuɗi, mai biya zai janye hannunsa. Haka kuma buƙatu sukan sake da zamani. Ƙungiyar Women in Nigeria ta samo asali ne daga wani taro da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, cikin 1982, lokacin da akwai ƙungiyoyin mata da dama, amma ta zo da nata aikin dabam, na bincike da fafutuka kan halin da matan ƙasa suke ciki. Bugu da ƙari, hana rajista gaba ɗaya yana iya tura ɗalibai su riƙa taruwa a ɓoye, inda idon hukuma ba ya kaiwa.

Tarihin matan Arewa ya nuna wata hanya ta uku. Jam'iyyar Matan Arewa, wadda aka kafa a nan Kaduna cikin 1963, ta daɗe ne saboda ta riƙe aikin da ake gani, na makarantu da kula da marayu. FOMWAN kuwa, da aka kafa a Minna a 1985, tattara ƙungiyoyin mata Musulmi da suke warwatse ta yi ƙarƙashin inuwa ɗaya, kowace da sunanta, amma da murya guda.

ABIN DA YA KAMATA

Saboda haka shawarar da ta fi dacewa ita ce hukumar makaranta ta yi wa masu neman rajista tambaya uku. Wane aiki za ku yi wanda babu mai yinsa? Mutum nawa kuka tara, kuma nawa ne daga cikinsu 'yan shekarar farko, waɗanda za su gaje ku? Kun gwada yin aikin nan a matsayin kwamiti cikin wata ƙungiya da take akwai? Wadda ta amsa da kyau a ba ta shekara guda ta gwaji kafin cikakkiyar rajista.

Su kuma tsofaffin kada a bar su su riƙe suna kawai. Kowace shekara su kawo jerin mambobi, da bayanin kuɗi, da shaidar sun yi zaɓe. Wadda ta kasa shekara biyu a jere, a haɗa ta da mai kama da ita. A kuma mayar da taro tsakar rana, tsakanin darussa, domin ɗalibar Kurmin Mashi ta halarta ba tare da ta biya kuɗin mota sau biyu ba. A irin waɗannan tarurruka ne ma'aikatan gobe suke koyon rubuta rahoton taro, da riƙon amanar kuɗin jama'a, da karɓar kaye a zaɓe. Allah Ya sa mu dace.