Rage Tarkace da Kintsa Gida

Kaya ba sa cika gida a rana ɗaya. Da ɗai-ɗai suke shigowa: robar da aka raba a wajen biki, atamfar anko da aka ɗaura sau ɗaya, fankar da ta ƙone aka jingine ta da niyyar kai wa mai gyara, kwalin talabijin da aka hana yarwa ko za a tashi daga gidan haya. Kowanne da hujjarsa, kuma hujjar ba ta wuce "a ajiye, wata rana zai yi amfani". A hankali ƙarƙashin gado ya toshe, saman sif ya kai rufi, sito ya zama wurin da ba a shiga sai dole. Gida yakan kai wannan hali ne idan ƙofar shigar kaya a buɗe take, amma babu mai kula da ta fita.

Illar ba ta tsaya ga kyan gani ba. Tulin kwalaye da tsummokara shi ne mafakar kyankyaso, kuɗin cizo da ɓera, kuma ɓera ba ƙaramin baƙo ba ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera idan suka taɓa abinci ko kwanuka, kuma ya fi tsananta da rani. Da damina kuma gwangwanaye, tsofaffin tayoyi da fasassun tukwane da aka watsar a bayan ɗaki suna tara ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki, cikin mako guda zuwa kwana goma ya tashi. Akwai kuma asarar kuɗi da ba a lura da ita. Wanda bai san abin da ya mallaka ba yakan sake sayen abin da yake da shi, sai bayan wata uku a tsinci na farkon a ƙasan akwati.

Kafin a ɗaga komai, dole a bambance tarkace da ajiya. Yawancin shawarwarin rage kaya da ke yawo a intanet sun fito ne daga ƙasashen da kaya ke da arha, wuri ke da tsada, don haka suke ɗaukar duk abin da ba a taɓa ba shekara guda a matsayin abin fitarwa. Wannan ma'auni ba ya hawa kan ɗakin matar Bahaushe kai tsaye. Jeren da iyaye suka yi wa amarya, tun daga tasa, kwalla da samira na zamanin da har zuwa tangaran da kulolin yau, dukiya ce. Haka turamen lefe da ba a ɗinka ba. Mata da yawa da su suke fita kunya idan lalura ta taso, ko su tanade su don auren 'ya'yansu. Kayan fitar biki da manyan tukwanen taron suna ma ba a buƙatarsu sai jefi-jefi, amma ranar da aka buƙace su babu makwafinsu. Irin waɗannan wuri mai kyau suke nema. Tarkace na gaskiya shi ne abin da ya lalace ba za a gyara ba, ko ya yi wa mai shi kaɗan, ko yana da ninki biyar a gidan alhali ɗaya ake amfani da shi.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bi kaya iri-iri, ba ɗaki-ɗaki ba. Marie Kondo, 'yar ƙasar Japan wadda littafinta kan kintsa gida ya fito a 2011, ita ta yayata wannan tsari a duniya, kuma dalilinsa a fili yake: muddin tufafi suna warwatse tsakanin sif, akwati, jakar Gana-mas-go da ƙusar bayan ƙofa, babu wanda zai san yawansu. Sai an zube su duka a kan tabarma ɗaya ido yake ganin gaskiya. Daga nan a kasa su: na ajiyewa, na bayarwa, na sayarwa, na zubarwa. Kashi na biyar, wato na gyara, shi ne mai hatsari, domin a nan tarkace yake ɓuya. Abin da ya shiga wannan kashi a sa masa wa'adi. Idan mako biyu ya wuce bai je wurin tela ko mai gyaran rediyo ba, to ya koma ɗaya daga cikin sauran. Ya fi kyau a fara da tufafi da robobin kicin, waɗanda hukunci a kansu ba ya da nauyi, a bar hotuna, wasiƙu da kayan tunawa da iyaye zuwa ƙarshe. Kuma kada a sayi sababbin kwanduna ko kanta kafin a gama tacewa, don sau da yawa mazubin da aka saya shi ma tarkace yake zama.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa. A gidan da ke da mutane da yawa, kowa kayansa zai taɓa. Maigida ba ya yanke hukunci kan kwanukan matarsa, uwargida ba ta shiga ɗakin abokiyar zamanta da sunan gyara, kuma tsohuwar adakar kaka ba a buɗe ta sai da izininta, ko da abin da ke ciki bai wuce tsumma da carbi ba. Kayan mamaci sun fi kowanne buƙatar taka-tsantsan. A shari'ar Musulunci duk abin da mutum ya bari, har rigar sawarsa da takalminsa, haƙƙin magada ne bayan an biya bashi an zartar da wasiyya. Saboda haka ba daidai ba ne wani ya kwashe su ya yi sadaka da su don a sami wuri, sai an raba gado ko magada sun yarda. Takardun da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko sunan Allah, kamar yagaggun littattafan Islamiyya, ba a haɗa su da shara. Malamai sun yi bayanin a ƙona su a wuri mai tsarki ko a binne su inda ba a takawa.

Fitar da kaya ba ta da wuya a ƙasar Hausa, domin kowane abu da mai karɓarsa. Tufafi masu kyau suna da 'yan uwa, maƙwabta, almajirai da gidajen marayu, da sharaɗin a wanke su a ninke, kuma kada a ba mutum abin da shi mai bayarwa zai ji kunyar sawa. Kwanuka, zannuwa da kayan ɗaki masu daraja aikin dillaliya ne, wadda ke shiga gida-gida ta sayar ta cire la'adarta. Ƙarafa, tsofaffin tukwanen alminiyam da fasassun robobi kuwa 'yan gwangwan suna saye, wasu da kuɗi, wasu su musanya da sabuwar roba. Abin da aka ware don fitarwa ya bar gidan a ranar ko washegari. Buhun da ya kwana bakwai a zaure, yara za su kwance shi, rabinsa ya koma ciki.

Sauran aikin shi ne a ba kowane abu mazauninsa, kusa da inda ake amfani da shi. Abin da hannu ke nema kullum ya zauna tsakanin ƙugu da kafaɗa, mai nauyi a ƙasa, na shekara-shekara a sama. Barguna da rigunan sanyi a wanke su bayan hunturu, a shanya su bushe sarai kafin a ɗaure, in ba haka ba damina za ta sa su fumfuna. Masu sa kafur a akwati su nisanta shi da kayan jarirai, domin likitoci sun tabbatar yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani.

Sito da kicin su ne suka fi cin lokaci, kuma sun cancanci hakan. Buhun hatsi ba a ajiye shi a kan siminti ko a jingine da bango. A ɗora shi a kan katako, a bar tazarar da tsintsiya za ta shiga, saboda danshi da gara. Sabon awo ya koma baya, tsohon ya matso gaba don a fara cinye shi. Wake yana daɗewa ba tare da maganin ƙwari ba idan ya bushe sosai aka cika jarka da shi aka toshe bakinta, ko aka zuba shi a buhun nan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, domin ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Kananzir, fetur ɗin janareta da fiya-fiya ba sa zama kusa da murhu ko abinci, kuma ba a zuba su a gorar lemo. Yara da dama sun sha kananzir suna zaton ruwa ne. Magunguna ma a tattara su wuri guda mai tsawo, a duba kwanan watan lalacewarsu, a fitar da ragowar da ba a san na wane ciwo ba ne.

Takardu ba su da yawa amma ɓatansu ya fi na komai ciwo. Takardar haihuwa, katin rigakafin yara, sakamakon jarrabawa, takardun fili ko na gida da rasit na manyan kaya su zauna a jaka ɗaya da ruwa ba ya ratsawa, a wurin da aƙalla manya biyu na gidan suka sani. Ɗaukar hotonsu a waya yana taimakawa idan gobara ko ambaliya ta auku.

Bayan babban gyara, abin da ke riƙe gida ƙananan ɗabi'u ne. A mayar da abu mazauninsa da zarar an gama da shi, kuma a saba wa yara da hakan tun suna ƙanana ta hanyar ba su kwando ko ƙusar rataye jakar makaranta daidai tsawonsu. Idan sabon ɗinki ya shigo, wani tsoho ya fita. Gyaran da ake yi gab da Sallah, da wanda ake yi kafin saukar ruwan farko, sun isa zama lokutan sake duba sito da ƙarƙashin gado sau biyu ko uku a shekara.

Wani lokaci matsalar ta wuce sakaci. Akwai mutanen da rabuwa da ko da ledar burodi ke jefa su cikin damuwa ta gaske, har kaya su hana su wurin kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali cikin jerin lalurorin ƙwaƙwalwa a kundinta da ya fara aiki a 2022. Kwashe kayan irin wannan mutum a bayan idonsa yakan ƙara masa ciwo, kuma ɗakin ya sake cika cikin 'yan watanni. Abin da ya dace shi ne a bi shi a hankali, a fara da buɗe hanyar wucewa da nisanta kaya daga wuta, sannan a haɗa shi da likita.