Ihun “Ɓarawo!” Da Iyakar Haƙƙin Kare Dukiya

A ƙarshen kakar da ta wuce na kai ziyara Malisa, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, domin gaida wani ƙanin mahaifiyata wanda ya daɗe yana noman rani a fadama. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, sai ya dube ni ya ce, “Dakta, ku da kuka yi boko, ina da tambaya. Sau biyu ke nan ana ɗauke mini injin ban-ruwa, wannan na ukun da bashi na saye shi. In na kwana a gona na tarar da mutum yana kwance shi, na sakar masa adaka ya mutu, ni da hukuma yaya, ni da Allah kuma yaya?” Na ce, “Kawu, ai ni harshe na karanta, ban karanta shari'a ba.” Ya ce, “To, da harshen za ka amsa mini.”

Raha ya yi, amma da na yi nazari sai na ga rabin amsar a cikin harshen take. Bahaushe bai tara masu ɗaukar kayan mutane cikin kwando ɗaya ba. Wanda ya lallaɓo a ɓoye shi ne ɓarawo, aikinsa sata. Wanda ya zura hannu a aljihu ɗan sane ne. Wanda ya karɓa da ƙarfi ido na ganin ido ya yi ƙwace, wanda kuwa ya tare hanya ko ya faɗo gida da makami shi ne ɗan fashi. Malaman fiƙihu ma haka suka rarrabe, suka ba kowanne hukuncinsa. Abin da ya raba ɗan fashi da sauran shi ne ya zo ne a shirye ya taɓa rai, kuma a kan wannan bambanci dokar ƙasa da shari'ar Musulunci suka gina kusan duk abin da suka faɗa game da kashe mutum saboda dukiya.

Mu fara da tsarin mulkin 1999. Sashe na 33 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sannan ya keɓe wasu halaye da ba za a ce an tauye haƙƙin ba, cikinsu har da mutuwar da ta auku wajen kare mutum daga farmaki ko wajen kare dukiya, muddin ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce abin da hankali zai ce ya zama dole ba. Wani abin lura a nan shi ne, babin haƙƙin ɗan adam na tsarin mulkinmu an kwaikwayo shi ne daga yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950, wadda ba ta sa kare dukiya cikin uzurorin ɗaukar rai ba. Mu ne muka ƙara shi tun a tsarin mulkin 1960. Masu cewa doka ta ɗaure wa mai gida hannu ta sakar wa ɓarawo, sai su sake dubawa.

Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 kuma jihohi suka gada suka yi mata gyare-gyare, ita ta fayyace iyakar. Ta yarda kare dukiya ya kai ga kisa idan fashi ne, ko fasa gida da dare, ko cinna wuta ga wurin kwana ko wurin ajiyar kaya. Sata zalla kuwa sai idan yanayinta ya sa mai kaya tsoron za a kashe shi ko a yi masa mummunan rauni. Ta kuma hana yin illar da ta wuce buƙata, ta ce babu wannan haƙƙi idan akwai lokacin neman agajin hukuma. Ke nan mai kwance injin Kawu, in hannu rabbana ya zo, kuma da an haska shi da tocila zai ranta a na kare, doka ba ta halatta jininsa ba. In ya zaro adda ya yo kan Kawu, magana ta sauya.

Shari'ar Musulunci ba ta yi nisa da wannan ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada, kuma mutanenmu sun haddace wannan sarai. Abin da aka fi mantawa shi ne ragowar darasin, wanda ake karantarwa a zaurukan Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Malikawa sun ce a fara yi wa mai farmaki gargaɗi, a haɗa shi da Allah idan akwai sarari, a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, ba a nufin kashe shi sai an san ba zai kau ba sai da hakan. Ɓarawon da ya shiga hannu kuwa, ko da an kai shi gaban alƙali, shaidu sun tabbatar, kayan sun kai nisabin rubu'in dinari, kuma daga ma'ajiya ya ɗauke su, iyakar haddinsa hannu ne. Sayyidina Umar ma ya dakatar da haddin a shekarar yunwa. To ina wanda ya ɗaure yaro a kasuwa, ya rataya masa taya saboda wayar hannu, ya samo hukuncin da ya fi na Allah tsanani?

A nan ne nake ganin harshe ya ci amanarmu, ko kuma mu muka ci tasa. Wani masanin falsafar harshe ɗan Ingila, J. L. Austin, ya nuna a littafinsa na 1962 cewa akwai maganganun da furta su shi ne aikata su, kamar miji ya ce ya saki matarsa, ko alƙali ya ce ya yanke hukunci. Irin wannan magana ba ta ɗauruwa sai mai ikon faɗinta ya faɗe ta a muhallinta. Ihun “ɓarawo!” a tasha ko kasuwa ya zama irin wannan magana, illa dai shi ba ya neman mai iko. Kowa na iya kurma shi, har wanda ake bi bashi da wanda ya rasa budurwa, kuma da zarar ya fita ya zama tuhuma da shaida da hukunci a numfashi ɗaya. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigoginsu na farauta an kira su masu garkuwa da mutane. Duk Arewa ta yi kuka, kuma ya dace. Sai dai in za mu faɗi gaskiya, mutum nawa irin wannan kalma ta kashe a kasuwanninmu ba tare da mun ɗaga kai ba?

Ban manta da ɗaya gefen ba, domin a jiharmu yake. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa suka kore shanun mutanen Mera a ƙaramar hukumar Augie, mutanen gari suka bi sawu, aka kashe musu mutum 15. Babu mai hankalin da zai ce wa waɗannan bayin Allah da sun tsaya sun kai ƙara. Sharaɗin neman agajin hukuma yana da ma'ana ne inda hukumar take kusa, kuma a ƙauyuka da yawa na Kebbi da Zamfara da Sakkwato kafin ta iso an gama ɓarna. Rashin hukuma yana faɗaɗa wa mutum damar tsayawa gaban mai makami. Bai naɗa shi alƙali a kan wanda ya riga ya kama ba. Zamfara ta gwada wannan, lokacin da 'yan sa-kai suka riƙa yanka waɗanda suke zargi da satar shanu a bainar jama'a, kuma masu bincike irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun lissafa wannan cikin abubuwan da suka rura wutar da har yau ba ta mutu ba.

Wahalar tana wurin gane lokacin da haɗari ya ƙare. Shari'ar Sunday Jackson ta nuna haka. Manomi ne a Adamawa wanda a 2015 ya yi faɗa da wani makiyayi a gonarsa, ya ce makiyayin ne ya fara sukarsa, shi kuwa ya ƙwace wuƙar ya kashe shi da ita. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris na 2025, bisa hujjar cewa da wuƙa ta dawo hannunsa yana da damar gudu. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran alƙalan, daga bisani kuma Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa a Disamba na 2025. A nawa ganin, kotun ta nemi natsuwar da ba a samu wurin mutumin da jini ke zuba daga jikinsa. Amma mai karatu ya lura, wannan mutum ne da ya ce an kawo masa farmaki da wuƙa, duk da haka sai da ya shekara goma a tsare. Ina ga wanda ya harbi mai gudu da buhun albasa a ka?

Wannan duka na warware wa Kawu daidai iyawata kafin a kira magariba. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, “Na ji, Dakta. Ran ɓarawo ka kare shi. Injina fa, wa zai kare?” Na ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, wannan sai a tambayi waɗanda muka zaɓa.” Ya yi tsaki ya tashi alwala. Daga baya na ji labari cewa ya bar adakar a rataye, kullum da yamma shi da jikansa suke ɗora injin a baro su turo shi gida, da asuba su mayar.