Shin Dole Ne Aikatau Ya Ja Baya Idan Ana Ruwaito Zance Da Turanci?

Da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta matso, akwai maganar da kan zaga azuzuwan karatun yamma a Nguru da Gashuwa: wai duk wanda zai ruwaito zancen wani da Turanci, tilas ya ja kowane aikatau baya da taki ɗaya, in ba haka ba ya faɗi. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari.

Gaskiya ne idan aka buɗe da "he said", galibi lokacin aikatau yakan ja baya. "I am tired" sai ya koma "he said he was tired", "will" ta zama "would", "can" ta zama "could". A nan yaranmu ke yawan tuntuɓe, domin Hausa ba ta yin haka. Wanda ya ce "ina zuwa", mu cewa muke yi "ya ce yana zuwa". Wakilin suna kaɗai ya sauya, lokaci yana nan daram.

Ƙarin da aka yi shi ne kalmar "kowane". Idan aka buɗe da "he says", lokacin aikatau ba zai motsa ba. Haka kuma idan maganar har yanzu gaskiya ce, barin ta yadda take daidai ne. Malami ya ce "Nguru is in Yobe State". Ɗalibin da ya rubuta "he said that Nguru is in Yobe State" bai yi kuskure ba, don tun 1991 da aka cire Yobe daga Borno garin bai tashi daga jihar ba. Wanda ya sa "was" ma nahawu bai kama shi da laifi ba, sai dai "is" ta fi fito da cewa abin yana nan.

Su "should", "might" da "ought to" ba su da bayan da za su ja. Batun cewa dole a sa "that" bayan "he said" kuwa ba shi da makama.

Wani wurin da ake asarar maki, wanda ba a cika maganarsa ba: tambaya. "Where is the market?" takan koma "she asked where the market was", aikatau a ƙarshe, ba alamar tambaya.

Ɗalibi, ko ɗan sakandare ne kai ko ɗan Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, kafin ka taɓa aikatau, fara duba kalmar da aka buɗe ruwayar da ita.